“Buɗe mana mu gani”

Saura kwana tara azumi ya kama muka zauna taro ta intanet, mu huɗu daga ofishinmu na nan Makka, da wakilan kamfanonin tafiye-tafiye wajen ashirin daga Kano da Kaduna da Yamai. Wanda ya taɓa harkar Umarar azumi ya san yadda kwanakin nan suke. Masauki ya yi tashin gwauron zabo, kowa yana so a sauke mutanensa inda za su taka da ƙafa su isa Harami a goman ƙarshe, kuma kowane wakili gani yake an fifita wani a kansa. Goma na dare ta gota a wurinmu, takwas ke nan a Najeriya da Nijar. Gardama ta yi zafi a kan rabon ɗakuna, sai wani dattijo daga cikin wakilan, mutum mai daraja wanda ya daɗe yana turo mana baƙi, ya katse ƙaramin ma'aikacinmu da ke ta bayani: “Kai ɗana, bar dogon turanci. Buɗe mana mu gani.”

Yaron ya ce, “To, Baba.” Ya danna maɓallin nuna allo da sauri, ya zaɓi fuskar kwamfutar gaba ɗaya.

Abin da ya bayyana jadawalinmu ne na cikin gida, wanda ya haɗa baƙin kowane kamfani. Suna, lambar fasfo, lambar waya, otal da lambar ɗaki. A can gefe kuma akwai wani layi da mu kaɗai muke cikewa don amfanin aiki: wannan Hajiyar tana da ciwon suga, a tabbatar akwai firiji a ɗakinta saboda allurarta, wannan Alhajin ba ya iya ɗawafi sai a keke, wannan bai gama biya ba, waɗannan mata da miji ne amma sun roƙi a raba musu ɗaki. Yana ƙoƙarin gangarawa inda ake gardama a kai, sai saƙo ya faɗo a kusurwar allon, daga yayarsa a gida. Layi biyu ne suka fito, amma sun isa: mijin ƙanwarsu ya ba ta takarda, tana gida tun la'asar, kada ya gaya wa kowa tukuna. Bai fi daƙiƙa biyar ba saƙon ya ɓace. Ina zaune kusa da shi, na ga gumi ya keto masa duk da sanyin da ke ɗakin. Babu wanda ya ce uffan. Dattijon ya yi gyaran murya, aka koma maganar ɗakuna.

Bayan kwana uku hoton jadawalin ya fara yawo a wayoyin wakilai. Ɗaya ya kira mu ransa a ɓace, wai abokin takararsa yana bin mutanensa ɗaya bayan ɗaya a waya yana musu tayin farashi mai sauƙi na baɗi. Hajiyar nan da ta gaya wa wakilinta lalurarta a keɓe, har ta gama Umararta ta koma gida ba ta san baƙin idanu sun karanta ta ba.

Ni ne babba a ofis a daren nan, kuma shiru na yi lokacin da aka ce wa yaron ya buɗe. Abin yana ci mini rai har yanzu, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maganata ɗaya ce. Abin da ke kan allon kwamfutar mutum ko wayarsa, yawancinsa na wasu ne, ajiya aka ba shi. Ba shi da ikon baje shi gaba ɗaya ko da yana so, kuma babu wanda yake da ikon tilasta masa, komai shekarunsa, komai kuɗin da yake kawowa.

Kada a ɗauka kushe abin na zo yi. Gani ya kori ji, kuma nuna allo ya sauƙaƙa mana rayuwa ƙwarai. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura da yawa da shi suke koyar da yara karatu daga nesa: a buɗe shafin Alƙur'ani, malam yana ja yaro yana bi daga Kano ko Landan. Mu ma a wurin aiki, taswirar da za ka nuna wa wakili ta nisan otal da Harami ta fi bayanin rabin sa'a. Sai dai abin ya same mu ba shiri. A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigowar masu Umara saboda korona, a Maris aka rufe makarantu, daga baya yara suka koma karatu ta dandalin Madrasati. Kamfanin Zoom da kansa ya ce masu halartar taro ta manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Cikin 'yan makonni muka koyi inda ake dannawa. Ladabin abin kuwa, babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana, kuma har yau ba mu zauna mun koya wa juna ba.

Alhali ladabin muna da shi tun kaka da kakanni. Bahaushe ba ya gina gida bai yi tunanin ido ba. Zaure a gaba, sannan shigifa, sannan tsakar gida, kuma maginin gargajiya ba ya barin ƙofar waje ta fuskanci ta ciki, don kada mai wucewa ya hango matan gida. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Zai yi sallama, ko ya aiki yaro ya ce ana sallama da maigida, ya tsaya a gefe ya jira. A nan ma haka muka tarar: majalisar maza daban take da sauran gida, kuma wanda ya taɓa zagaya tsohuwar Jidda ya ga tagogin katakon nan masu ɓula-ɓula da ake kira rawashin, iska tana shiga, na ciki yana ganin titi, na titi ba ya ganinsa. Tushen duk wannan yana cikin Suratun Nur, aya ta 27, inda aka hana shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama. Aya ta 58 ta ƙara da cewa ko yaran gida akwai lokuta uku da sai sun nemi izini: kafin Asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan Isha'i. Sahlu ɗan Sa'adu ya ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa wani mutum ya leƙa ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wata kafa, sai ya tsawatar masa ya ce an sanya neman izini ne saboda gani. Saboda gani. Ƙafar mutumin ba ta shiga ɗakin ba, idonsa ne ya shiga.

To kwamfuta gida ce da aka gina ba zaure. Daga ƙofa sai uwar ɗaka. In kana son zaure, kai za ka gina shi da hannunka kafin baƙi su iso.

Kuma manhajojin sun ba da kayan ginin. Google Meet yana tambayarka ko shafi ɗaya za ka nuna, ko taga ɗaya, ko allon duka. Zoom yana da zaɓin taga ɗaya, da na yanki kaɗan na allo da za ka zana wa iyaka, da maɓallin dakatar da nuni in za ka nemi wani abu a wani wuri. Teams yana bari ka ɗora takardar gabatarwa ita kaɗai. Wanda ya zaɓi taga ɗaya, saƙon da ya faɗo a gefe ba ya fita ga mutane. Wanda ya zaɓi allon duka, duk abin da idonsa ya gani nasu ma ya gani, har da sunayen fayilolin da ke zube a fuskar kwamfutar.

Amma ko taga ɗayar tana da ramuka, kuma nan ne masu ganin sun iya suke faɗawa. Ka nuna tagar burauza, to sunayen sauran shafukan da ka buɗe suna jere a sama kowa yana karantawa: asibitin da kake neman ganin likita, aikin da kake nema a wani kamfani alhali maigidanka yana cikin taron. Ka fara rubuta adireshi, burauzar ta taya ka da jerin wuraren da ka saba shiga. Ka nuna jadawalin Excel, sauran shafukansa suna nan a ƙasa, dannawa ɗaya ta kuskure ta isa. Ka je buɗe wani fayil, jerin duk waɗanda ka buɗe kwanan nan ya bayyana. Layin da ka ɓoye a jadawali kuma yana nan daram, duk wanda ka tura wa fayil ɗin zai iya fito da shi. Waya ta fi haɗari, domin a wayoyi da yawa nuna allo yana nufin nuna komai, ko da yake sababbin wayoyin Android sun fara ba da zaɓin manhaja ɗaya.

Mu mazauna nan akwai abin da ya ƙara mana nauyi. A gidajenmu da yawa, daga Sharar Mansur zuwa Misfala zuwa Hindawiyya, kwamfuta ɗaya ce ta kowa. Da ita maigida yake aiki, da ita yara suke darasi, a cikinta hotunan bikin da uwargida ta je suke, waɗanda aka ɗauka a ɓangaren mata ba lulluɓi. A cikinta ake buɗe Absher, dandalin gwamnatin Saudiyya inda iƙamar mutum, wato takardar izinin zamansa, take da ta iyalinsa da takardar fita da dawowa. Sannan wanda yake zaune a Makka ko Madina ya zama ma'ajin dangi ko bai so ba. Kawu zai turo fasfonsa a duba masa biza. Gwaggo za ta turo takardar asibiti a tambayo mata magani. Maƙwabci zai turo kuɗi a saya wa 'yarsa kayan aure a kasuwar Bab Makka ta Jidda. A 2023 kujera 95,000 aka ba Najeriya a aikin Hajji, ban da masu Umara da ba sa yankewa duk shekara, kuma kowane ɗayansu hoton fasfonsa ya bi ta wayoyi da kwamfutocin mutane irina kafin ya taka ƙasar nan. Babu ɗayansu da aka tambaya ko ya yarda a nuna shi a taro.

Yawancin shawarwarin da ake bayarwa a kan wannan batu mai nunawa suke yi wa magana: ka rufe kaza, ka kashe kaza. Gaskiya ne, amma a wurinmu ba nan gizo yake saƙar ba. Yaron nan namu ya san bambancin taga ɗaya da allon duka, ya fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba. Abin da bai iya ba shi ne ya ce wa sa'an mahaifinsa, “Baba, a ba ni minti biyu.” An raine mu a kan cewa in babba ya ce kawo, miƙawa ake yi, jinkiri ma rashin kunya ne. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so ta gushe. Sai dai ita tarbiyyar ta ɗora wa babba nauyin ya san abin da zai roƙa. Dattijon kirki ba ya cewa yaro ya buɗe masa akwatin uwarsa, domin ya san yaron ba zai iya ƙi ba. Wanda ya ce “buɗe mana mu gani” a gaban mutum ashirin ya sa na ƙasa da shi a tsaka mai wuya: in ya buɗe ya tona asirin wasu, in ya yi jim a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Laifin daren nan, in za a raba shi da adalci, kason yaron shi ne mafi ƙanƙanta. Na dattijon ya fi nasa. Nawa ya fi na kowa, domin ni nake da bakin da zan ce a dakata.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a ƙungiyarmu ta 'yan gari. Muna tara kuɗi duk wata saboda rashin lafiya da rasuwa da wanda ya shiga matsala, kuma tun korona rabin taronmu ta intanet ake yi, saboda wasu suna Jidda, wasu Riyad, wasu sun koma gida. Duk lokacin da aka zo maganar kuɗi sai wani ya ce ma'aji ya buɗe asusun kowa ya gani da idonsa, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba na raina wannan magana. An ci amanar mutane da yawa a ƙungiyoyi irin namu, kuma wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Haƙƙin masu kuɗi ne su san inda kuɗinsu yake, kobo ba a ɓoye musu ba.

Amma me ake gani in ma'aji ya buɗe? Sau da yawa kuɗin a asusunsa na kansa suke, tare da albashinsa da abin da yake aika wa iyayensa. Sannan jerin waɗanda aka taimaka wa yana nan da sunayensu: wane an biya masa kuɗin haya, wance an biya mata asibitin haihuwa, wane an cika masa kuɗin sabunta iƙama. Mutumin da ya zo da daddare ya raɗa wa shugaba halin da yake ciki, yau ga sunansa a allo, abokan cin tuwonsa suna kallo. Gobe in ya shiga wani halin ba zai zo ba, zai gwammace ya ci bashi da ruwa. Ƙungiyar da aka kafa don rufin asiri ta koma wurin tonon silili, kuma duk da sunan gaskiya. Akwai hanyar da ta fi: a zaɓi mutum biyu ko uku amintattu su zauna da ma'aji su bi takardar banki layi-layi, su sa hannu, sannan a kawo wa taro jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, ba suna. Wannan ya fi tsanani a wajen bincike ma, domin allon da aka gangara da shi cikin minti ɗaya, rabin mutane suna kallo a ƙaramar waya da intanet mai yankewa, babu lissafin da yake tabbatarwa. Hankali kawai yake kwantarwa na ɗan lokaci.

Sai masu kallo. Su ne ba a cika yi wa magana ba, kuma su ne suke mayar da kuskuren daƙiƙa biyar ya zama abin da ba ya gogewa. Manhajar taro takan sanar da kowa in an fara naɗar taron ta cikinta, amma ba ta da yadda za ta san wani ya ɗauki hoton allonsa, balle wanda ya ɗaga wata wayar ya ɗauka. Babu mai tsaron wurin sai tsoron Allah. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane ƙarara. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Waiwayen nan kaɗai ya isa shaida cewa ba ya so a ji. To ina ga wanda ka ga hannunsa yana rawa yana neman inda zai rufe? Ni a ganina abin da ya faɗo a allon ɗan'uwanka bisa kuskure hukuncinsa ɗaya da abin da iska ta yaye labule ka hango: ka kau da kai, ka gaya masa nan take ya gyara, ka bar shi a cikinka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma gaya masan yana da muhimmanci. A daren nan mutum ashirin sun ga jadawalin tun kafin saƙon ya faɗo, da ɗaya ya ce “ɗana, ka nuna fiye da yadda kake nufi,” da an tsira da sauran. Shirun da muke ɗauka kara ce, a irin wannan wuri barin mutum ne a tsirara.

Wanda wa'azi bai ratsa shi ba, ya sani ƙasar nan tana da doka, kuma ba ta wasa. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin rayuwar wani ta hanyar kyamarar waya da makamantanta, ko ya ɓata masa suna ta kafofin sadarwa. Dokar kare bayanan mutane kuma, wadda aka fitar a 2021, ta fara aiki ranar 14 ga Satumbar 2023, aka ba kamfanoni shekara ɗaya su daidaita, hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ce ke sa ido. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta kira masu tsananin sirri, kuma wanda ya fallasa irinsu da nufin cutarwa ko neman amfanin kansa yana iya fuskantar ɗaurin shekara biyu ko tarar da za ta kai riyal miliyan 3. Najeriya ma ta yi tata dokar a Yunin 2023. Ƙananan kamfanoninmu na hidimar alhazai da yawa suna tafiya kamar wannan bai shafe su ba, alhali fasfo da lalurar mutane su ne kayan aikinsu na kullum.

Ba talaka ko maras ilimi kaɗai abin yake kayarwa ba. Ranar 31 ga Maris 2020 firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya wallafa hoton taron majalisar ministocinsa ta Zoom, lambar shiga taron tana fili a saman hoton. A Nuwambar shekarar wani ɗan jarida ɗan Holan ya kutsa taron sirri na ministocin tsaron Tarayyar Turai, bayan an wallafa hoto a shafin ministar tsaron ƙasarsu wanda ya nuna yawancin lambobin shiga. Mutane ne masu jami'an tsaro kewaye da su, amma ido yakan tsaya a kan abin da ake son nunawa ya manta da gefe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda wannan sabo namu ya zama ƙofar ɓarayi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wani maƙwabcina, dattijo direba, an kira shi aka ce daga banki ne, za a rufe asusunsa in bai sabunta bayanansa ba a ranar. Shi ya sha jin gargaɗin kada a faɗa wa kowa lambar sirrin da ake turowa ta saƙo, kuma ya riƙe. Mai kiran ma da kansa ya ce masa, “Baba, kada ka gaya mini lambar komai, mu ba ma tambaya.” Wannan ya sa ya saki jiki. Abin da aka nema kawai ya sauke wata manhaja ya danna amincewa, don a nuna masa inda zai taɓa. Ya danna. Lambar tabbatarwa ta faɗo a saman wayarsa, suna kallo daga can. Kafin ya idar da sallar Magariba abin da ya daɗe yana tarawa don aurar da 'yarsa ya tafi. Da ya zo wurina yana ta maimaita magana ɗaya: “Wallahi ɗana ban faɗa musu ba.” Gaskiya ya faɗa. Ba su buƙaci ya faɗa ba.

Manhajojin banki da yawa suna baƙanta fuskarsu in ana nuna allo, amma saƙon da ke ɗauke da lambar ta wata ƙofar yake shigowa. Tun Agustan 2023 kuma WhatsApp ya saka nuna allo a cikin kiran bidiyo, wato abin ya isa hannun iyayenmu da ke gida waɗanda ba su taɓa shiga taron Zoom ba. Banki ba ya kira ya ce ka nuna masa allonka. Hukuma ba ta kira ta ce ka amince da wata buƙata wadda ba kai ka fara ta ba a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum. Amma yaya za mu koya wa tsoho ya ce a'a ga baƙuwar murya, alhali a taronmu na mutunci kullum yana ganin duk wanda aka ce ya buɗe buɗewa yake, wanda ya yi jinkiri kuma ana zarginsa? Mu muka koya masa cewa mai gaskiya ba ya rufe allo.

A ofishinmu yanzu mun sauya, kuma ba wani abu mai wuya ba ne. Wanda ya kira taro shi kaɗai yake da ikon nuna allo sai in ya ba wani, manhajar tana da wurin saita haka. Duk abin da za a nuna, tun da rana ake cire shi daga babban jadawali a yi masa fayil nasa, kowane wakili da na mutanensa kaɗai, a tura masa kafin taro ya karanta a natse. Layin lalura ya bar jadawalin gaba ɗaya, ya koma wurin mutum biyu da ke kula da masauki. Kafin a shiga ana rufe manhajojin saƙo a kunna yanayin hana damuwa, wanda a iPhone yake da alamar jinjirin wata. Na kuma gaya wa yaran, a gaban juna, cewa duk wanda aka matsa wa ya buɗe abin da ba a shirya ba, ya ce ni na hana, a zo a yi da ni.

An kuwa zo. Da aka fara shirin Hajji muka sake zama da wakilan, aka sake sarƙewa a kan motocin da za su kwashi mutane daga Madina zuwa Makka. Dattijon nan dai, da muryarsa mai cika ɗaki, ya ce, “Ɗana, buɗe mana mu gani.” Na ga yaron ya ɗago ya dube ni. Na buɗe makirfo na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma. A takardar nan akwai iyalan mutane, har da naka baƙin da ka damƙa mana. Ka ba mu zuwa bayan Isha'i, naka zai same ka a wayarka, kai kaɗai.”

Ya yi shiru har na zaci intanet ɗinsa ce ta yanke. Sannan ya tambaya ko ranar nan ta kafin azumi har da mutanensa a cikin abin da aka gani. Na ce har da su, Alhaji, mutum arba'in da ɗaya. Ya ce, “Innalillahi.” Ya sake yin shiru, sannan ya ce a turo masa bayan Isha'in, a ci gaba da maganar motoci.